Rahoton Ayyukan Shekara: Kare Yaranmu daga Ruwa, Gobara da Masu Sace Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, iyaye mata da iyaye maza.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ƙudurta bai samu ba. Zan fi daɗewa a kan batun ruwa, domin shi ya fi cin lokacinmu.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Da muka fara zagayen gida-gida, yawancin iyayen da muka zanta da su kogi da tafki suke kawowa a rai. Amma ga yaro mai rarrafe ko mai tatata, haɗarin yana cikin gida: bokiti, bahon wanka, tankin ruwa, rijiyar da ba ta da murfi, ramin da ruwan sama ya cika. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kife ba zai iya ɗagowa ba. Kuma ba ya ihu. Wannan ne abin da ya fi girgiza mutane a zamanmu da su, domin kowa ya ɗauka zai ji kuka ko fantsamar ruwa, alhali uwa tana iya kasancewa a ɗaki na kusa ba ta ji komai ba.

Saboda haka muka nace a kan abubuwa masu sauƙi. A kife bokiti da baho da zarar an gama da su, a yi wa rijiya da tanki murfi mai nauyi da kwaɗo. Idan kuma jama'a sun taru kusa da ruwa, a kira sunan babba guda a ce lura da yara aikinsa ne, ya ajiye waya, kuma kada ya tashi sai ya miƙa wa wani. Inda kowa ya zaci wani yana lura, nan ake rasa yaro. Ba ma yarda a bar wa yayarsa 'yar shekara bakwai wannan aikin, ita ma yarinya ce.

A horon agajin gaggawa mun sha fama da tsohuwar fahimta ta danna ciki ko juya yaro kai ƙasa don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana iya jawo amai ya toshe hanyar iska. Abin da yaron ya rasa iska ce. In ba ya numfashi a fara hura masa, a bi da danna ƙirji sau 30 da hurawa sau 2, wani kuma ya nemi taimako. Ko ya farfaɗo ya yi garau, a kai shi asibiti. Wanda bai iya ceto ba kada ya faɗa ruwa, ya miƙa sanda ko ya jefa igiya ko jarkar da ba komai a ciki. Mun maimaita horon a taronmu na 25 ga Yuli, ranar da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware a 2021 domin yaƙi da nutsewa.

Alkawarin koya wa yara 'yan makaranta iyo bai cika ba. Ba mu samu wuri mai shinge da ƙwararren mai koyarwa ba, kwamiti kuma ya ƙi yarda a fara babu su. Na san wasu sun ji haushi, amma ina tare da kwamiti a kan wannan. Muna kuma nazarin abin da aka yi a ƙauyukan Bangladesh, inda ake tara ƙananan yara wurin mai reno a sa'o'in da aiki ya fi yi wa iyaye mata yawa, kuma nutsewar yara ta ragu ƙwarai.

Ta ɓangaren wuta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe mutum kimanin 180,000 duk shekara. Mun nuna a aikace yadda ruwa ke tayar da wutar mai, da yadda murfin tukunya ke kashe ta. In an ji warin gas a rufe tukunyar gas, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Yara sun koyi fita da rarrafe ta ƙasan hayaƙi, da cewa ba a ɓuya ƙarƙashin gado, sannan wanda wuta ta kama rigarsa ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki.

Muhawara mafi zafi a bana ta taso ne a nan. Iyaye da yawa suna kulle yara a ɗaki su tafi da mabuɗi saboda tsoron masu sace yara, tagogi kuma duk ƙarfe. Tsoron nasu gaskiya ne, ba wanda ya raina shi. Sai dai ƙofar da ta hana ɓarawo shiga ita ce za ta hana yaro fita ranar gobara. Matsayar da muka cimma ita ce kada a kulle yara babu babba a ciki, mabuɗi ya zauna wuri ɗaya da kowa ya sani, kuma a gyara ƙarfen taga ɗaya yadda za a iya buɗe shi daga ciki.

Game da sace yara, mun daina tsayawa a kan "kada ka bi baƙo", domin sau da yawa wanda ya tafi da yaro fuskar da ya sani ce. Yanzu muna koya musu kada su bi kowa sai da izinin uwa ko uba, kuma duk babban da ya ce a ɓoye wa iyaye wani abu, a gaya wa iyaye, ko a hanya ne ko a intanet. Makarantun da muka ziyarta mun roƙe su su riƙe sunayen waɗanda aka amince su ɗauki kowane yaro. In yaro ya ɓata a duba wuraren ruwa tukuna, a sanar da 'yan sanda nan take, a ba su sabon hotonsa. Muna kuma roƙon mambobi kada su yaɗa hoton wani da sunan ɓarawon yara, kada su shiga dukan wanda ake zargi. Jita-jita ta sha halaka marar laifi.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban a babban taro. Muna godiya ga ma'aikatan lafiya da na kashe gobara da suka ba mu lokacinsu kyauta. A shekara mai kamawa muna neman iyaye mata da za su karɓi renon safe bi da bi, da duk wanda ya san ƙwararren mai koyar da iyo. Mai sha'awa ya ba da sunansa ga sakatare kafin zaman kwamiti na gaba.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa