Don Allah ka kwashe tsakuwar nan

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kama, da asuba sai da rigar sanyi ake fita masallaci. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo.

Hoton akwatin gilashin kiwon aksolotil da ka haɗa wa 'yarka ne ya sa na zauna rubuta maka wannan wasiƙa. Tun kafin a kawo dabbar, don Allah ka kwashe tsakuwar nan mai launi-launi da ka shimfiɗa a ƙasa. Na san ta yi kyau, amma ta kifi ce, shi kuwa aksolotil ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne da ke ƙare rayuwarsa cikin ruwa. Ba ya tauna abinci, kuma idonsa ba ya gani sosai. In ya ji motsin tana, wangale baki yake yi farat ɗaya, ya zuƙe ruwa da duk abin da ke gabansa. Tsakuwa ta shiga ciki, hanji ya toshe.

Gani ya kori ji. Bara ni ma tsakuwa na zuba wa namu, wanda yara ke kira Sarkin Ruwa, don wanda ya sayar mini ya ce ba komai. Bayan wata biyu ya daina cin abinci. Cikinsa ya kumbura, ƙugunsa yana tashi sama, yana ta ƙoƙarin kafa ƙafa a ƙasa ya kasa. Jajayen gashin nan na gefen kansa da yake numfashi da su duk suka lanƙwashe gaba. Na mayar da shi wata roba mai ruwan sanyi, kullum ina canja ruwan, ƙaramar 'yata tana tsugune a gefe tana tambayata ko mutuwa zai yi. A kwana na shida na ga ƙwayoyin tsakuwa huɗu a gindin robar, kowace ta kai ƙwayar wake. Allah ne ya taimake mu, don wani sai likitan dabbobi ya yi masa aiki, wani kuma ba ya tashi.

Idan ƙarami za a kawo muku, wanda bai kai santimita 15 ba, bar ƙasan gilashin haka nan, kada ka sa komai. Kashinsa ma zai fi sauƙin gani da kwashewa. Matsalar kawai santsi, ƙafarsa ba ta samun abin riƙewa. Ni tayil mara sheƙi na shimfiɗa, ya kuwa yi daidai.

In ya girma, sai rairayi mai laushi ƙwarai, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba, don ko ya haɗiye zai fita. Ka murza shi a tafin hannu tukuna, in ka ji kaifi ka bar shi, fatar dabbar nan ba ta da ɓawo. Wanke shi za ka yi kamar gero, kana zubar da ruwa har ya fito garau. Kaurinsa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ya yi yawa, datti yakan ruɓe a ƙarƙashi ya ɓata ruwa. Dutsen ado kuma, duk wanda bai fi kansa girma ba, kada ya shiga. Ka ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai canja maka ruwa.

Wani maƙwabcina ya ce me ya sa ba zan ɗebo yashi kyauta a kududdufan kuza na wajen Bukuru ba. Ban yarda ba. Ragowar haƙar ma'adinai ce a wurin, dabbar da ke shan komai ta fata kuwa ba za a kwantar da ita a kai ba.

Abin da ke sa nake lallaɓa shi haka, a asalin gidansu sun kusa ƙarewa. Magudanan ruwan Xochimilco ne babban wurin da ya rage musu a birnin Meksiko, tun 2006 kuma suna cikin jerin dabbobin da ke dab da ɓacewa. Ga shi in ƙafarsa ta guntule wata take tsirowa, amma ƙwayar tsakuwa tana iya kashe shi.

Ta wajen sanyi kun fi mu sa'a. Ruwan digiri 16 zuwa 18 yake so, in ya haura 24 ya shiga wahala. Jos tana rufa mana asiri, amma a watan Maris da Afrilu sai na riƙa jefa gorar ƙanƙara a ciki. Kai dai kada ka ajiye akwatin kusa da abin ɗumama ɗaki.

In ka kwashe, turo mini sabon hoto in gani. Ka gaida madam, ka shafa mini kan 'yata, ka ce mata Sarkin Ruwa yana nan lafiya, jiya ma tana biyu ya ci.

Naka har kullum,
Abokinka na Jos.