Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Tambayi Kasona

Assalamu alaikum Alhaji, ranka shi daɗe.

Ka bugo waya cikin shirin rediyo na safe ka ambaci sunana, ka jefo tambayoyi uku, da yamma kuma ka sake zuba su a Facebook don wanda bai ji ba ya gani. Ka ce nawa ne kasonmu, mu da muke raka iyaye gidan talabijin su nemi taimakon jinyar 'ya'yansu. Ka ce me ya hana su zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi. Sannan ka ce iyayen nan sun mai da ciwon 'ya'yansu jari, wai bara ce ta zamani mai kyamara. Ka ƙara da ƙorafin ba ma bayyana jimillar kuɗi, kuma ana nuna yaro ba da izininsa ba. Ta farko ta sosa min rai, amma ni ina da bakin kare kaina. Ta ukun ce ta fi ciwo, don mutanen da ka zaga yawancinsu ba su da Facebook, ba su ma san an zage su ba. Da ita zan fara.

Ko ka taɓa ganin jaririn da ruwa ya taru masa a ka, ido da ido? Kan jariri lafiyayye, in aka zagaya shi da tef ranar haihuwa, wajen santimita 35 ne. Shi wannan nasa ƙaruwa yake yi mako bayan mako. Maɗiga ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyin fatar kai su fito raɗau, ƙwayar ido ta gangara ƙasa har farin ido ya bayyana a samanta. Uwarsa ba ta iya goya shi, don wuya ba ya ɗaukar kan, sai dai ta ɗora shi bisa filo ta tallabe da hannu biyu, haka za ta zauna cikin mota tun daga Tangaza ko Gada har Sakkwato. Maganinsa tiyata ce. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sannan a sa masa siririyar roba da likitoci ke kira shant, daga cikin ƙwaƙwalwa ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne ta sauka cikin ciki, ruwan ya riƙa zurarewa can. A nan garin ana yin aikin, a cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Matsalar ita ce ruwan ba ya jira a tara kuɗi. Yana danne ƙwaƙwalwa kullum, kuma idan ya kashe jijiyar gani, ko an yi aikin daga baya ido ba ya dawowa.

Uban irin wannan yaro, kafin ya yarda ya zauna gaban kyamara, ya riga ya kai ragonsa kasuwar Kara. Ya karyar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada, ya jinginar da fadama. Uwa ta fitar da 'yan kunnenta da kwanonin jerenta. An zaga dangi, an yi sanarwa a masallaci, an je wajen mai unguwa, an je wajen uban ƙasa. Kai ma ka san Basakkwace: mutumin da ba ya iya faɗin sunan matarsa a bainar jama'a, shi ne zai zauna da ita gefe guda ana haska su da fitila, ya ce wa duniya ba shi da shi. Wane ɗan kasuwa ne ke sayar da gonarsa da mutuncinsa tukuna sannan ya buɗe shago? Jari kenan a lissafinka, Alhaji?

Ba kuma duk wanda ya zo da yaro a hannu ake ɗauka ba. Sai ya kawo rahoton likita a kan takardar asibiti mai hatimi, da sa hannun babban likitan da ke duba yaron, da lambar katinsa. Sai takardar ƙiyasin kuɗi, wadda ta rarrabe kuɗin hoto, na roba, na ɗakin tiyata, na gado da na magani. Sannan mutum ya taka da ƙafarsa har ofishin walwala na asibitin ya tabbatar yaron yana nan kuma lambar katin tasa ce, domin takarda ana buga ta bogi a kowane shagon kwamfuta. Bayan haka a duba ko ciwon yana da inda ake yinsa kyauta. Yaron da ciwon noma ya ci wa kunci ba ya buƙatar talabijin, Asibitin Yara na Noma yana nan Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da shi tun 2014, kuma ba a karɓar kuɗin aiki. Mai tsagaggen leɓe ma akwai asibitocin da ƙungiyar Smile Train ke biya wa kuɗin ɗinkin. Irin waɗannan hanya ake nuna musu, a haɗa musu kuɗin mota.

Zancen Hukumar Zakka ba sai na ja shi ba. Suna zuwa, mu muke rubuta musu takardar, kuma tana taimakawa gwargwadon abin da ke hannunta. Tukunya ɗaya ce ga ƙananan hukumomi 23. In kana son ta ishi kowa, ka san inda ake kai zakka.

Yanzu kuɗi, tunda can idonka yake. Minti biyu ko uku ake ba iyaye a iska, lambar asusu ta tsaya a allo na 'yan daƙiƙoƙi, rabin gari kuma babu wuta. Yawancin taimakon sai bidiyon ya faɗa WhatsApp yake shigowa, ya yi ƙarfi kwana biyu ko uku, ya ɗauke kamar ruwan bazara. Waɗannan kwanaki su ne komai, kuma a cikinsu ake tafka asarar da ba wanda ke gani. Talakan ƙauye galibi asusun matakin farko gare shi, wanda ba ya karɓar fiye da naira 50,000 a turi ɗaya, ba ya riƙe fiye da 300,000 gaba ɗaya. Bawan Allah zai turo 100,000 kuɗin su koma masa, ya ɗauka asusun na damfara ne, ba zai sake gwadawa ba. Saboda haka kafin a kunna kyamara sai an kai uban banki da BVN da NIN da shaidar adireshi an ɗaga asusun, ko a buɗe wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, uba da wani dattijo da aka amince da shi. Abin da ya fi duka shi ne mai bayarwa ya biya asibiti kai tsaye da lambar katin yaron, a ba shi rasit.

Akwai masu turo alat na bogi, sannan su bugo su ce sun yi kuskuren ƙara sifili, a maido musu ragowa. Akwai masu sauke bidiyon su yanke ƙasansa su manna lambar asusunsu, shi ya sa ake rubuta lambar da sunan banki a tsakiyar hoto inda ba ta yankuwa, kuma uban ya faɗi sunan asusun da bakinsa. In aikin na Indiya ne, kamar wasu yaran masu huda a zuciya, lissafin da dala yake. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Iyalin da suka kusa cika kuɗinsu sai suka wayi gari ba su kai sulusi ba, ga fasfo na yaro da na mai rakiya, ga biza, ga tikiti, ga masauki. Mai kallo daga gida sai ya ce ai an sake fito da su, ba su ƙoshi ba.

Ko mai ruwa a ka, aikin ba ya ƙarewa ranar tiyata. Robar na iya toshewa, tana iya kamuwa da ƙwayar cuta musamman a watannin farko. Da an ga amai, ko zazzaɓi, ko barcin da ba a saba gani ba, ko maɗiga ta sake tasowa, asibiti ake nufa a ranar. Duk lissafin da bai ware kuɗin dawowa ba, rabin lissafi ne.

Ka yi ƙorafin ba ma bayyana jimillar abin da kowane iyali ya samu. Alhaji, kai da kake kwana da maigadi a ƙofa, ka manta halin da Isa da Sabon Birni suke ciki? A faɗa a talabijin cewa wane na ƙauye kaza ya samu miliyan uku, kafin yaron ya shiga ɗakin tiyata 'yan bindiga sun zo karɓar nasu. Ba a faɗin sunan ƙauye, ba a nuna ƙofar gida, jimilla kuma a rubuce take ga duk wanda ya bayar ya zo ya duba. Tun farko ake sa hannu kan inda ragowa za ta je in kuɗi sun yi saura, ko in Allah Ya karɓi abinSa kafin a cika, kuma ana sanar da rufe asusun.

Kasona kuwa ko kwabo babu. Shekarun da aka yi ana wannan hidima a garin nan, da akwai kaso da tuni wani liman ko wani uba ya fasa ƙwai, Sakkwato ba ta ɓoye irin wannan. Abu ɗaya na yarda da kai a kansa: yaron bai ba da izini ba, kuma zai girma ya tarar da hotonsa a intanet. Shi ya sa ake rufe masa jiki, ba a nuna ciwon da ke al'aura, ba a ɗauka sai uwa ta amince da bakinta, ba uba kaɗai ba. Duk da haka da ciwo.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne me ya sa sai ta talabijin. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kai wa can ba. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, je ka tambayi manomin Goronyo ina katinsa. Sai manyan da ke bugo waya ana cikin shiri su ce sun ɗauki nauyin yaro baki ɗaya, a yi ta kabbara. Jama'a su ji an gama, su daina turowa. Washegari waya a kashe, ko yaron gida ya ce Alhaji ya tafi Umara. Alkawarin irin wannan ya fi rowa illa, don ya toshe ƙofar da ta rage. Ban ce kana cikinsu ba. Na dai lura kyamarar da ke damunka a ɗakin marasa lafiya ba ta dame ka ba da azumi, lokacin da gidauniyarka ta jera zawarawa cikin rana kowace da ƙullin shinkafa mai hotonka, ga shi kuma ana ta buga gangar siyasa.

Fayil-fayil suna nan, rasit bisa rasit, da takardun banki. Ka zo da akawunka duk ranar da ka ga dama ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai na yaran da har yanzu ba a cika ba, za a ajiye maka su a sama. In za ka zo, ka bar mai ɗaukar hotonka a gida.

Wassalam.

Naka,
mai raka iyayen yara marasa lafiya,
Sakkwato.