Mun yi inshora, amma ba mu san abin da muka saya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan taku in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari da ke Kano, kuma na haura shekara ashirin a wannan sana'a.

Duk sanda wuta ta ci kasuwa ko ruwa ya shiga shaguna, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin tallafi. Mun gani bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta nan Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. 'Yan'uwanmu na Monday Market a Maiduguri kuwa sau biyu abin ya same su a jere: gobara a watan Fabrairun 2023, ba su gama miƙewa ba sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye kasuwar da unguwanni masu yawa. A kowane karo sai an sami mai cewa ai laifin 'yan kasuwa ne da ba sa yin inshora. Da gaskiya a maganar, amma rabinta ce. Ni na yi inshora, kuma ranar da na buƙace ta ko sisi ban samu ba.

Ga yadda abin ya faru. Na karɓi rance a wani banki domin in ƙaro kaya, suka ce sai an yi wa kayan da ke sitona inshora. Su suka zaɓi kamfanin, suka cire kuɗin daga asusuna, aka miƙo mini takarda mai shafuka da yawa da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na jefa ta a durowa, hankalina kwance. A daminar 2022, cikin watan Agusta, aka tafka ruwan da ya cika layukan Kwari. Da muka buɗe sito, ruwa ya kusa kai mana gwiwa. Dilolin da ke ƙasa duk sun sha, atamfa ta zuba, jan launi da shuɗi sun hau kan farar shadda. Kwana uku ni da yarana muna warware yadi muna shanyawa duk inda muka sami rana, wari ya hana mu cin abinci a wurin. Abin da ya ɗan yi dama-dama muka karyar da shi a rabin kuɗi.

Na ɗauki takardata na nufi ofishin kamfanin da ƙarfin gwiwata. Wani matashi ya karɓe ni da mutunci, ya buɗe shafi na biyu ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Ya ce, “Alhaji, taka ta gobara ce kawai, da tsawa, da fashewar wani abu. Ambaliya tana cikin ƙarin haɗurra, sai an nema an biya nata daban.” Na tambaye shi nawa ne ƙarin. Da ya faɗa sai na ji jikina ya mutu, domin bai kai ribar da nake samu a dila ɗaya ba. Babu wanda ya taɓa faɗa mini, daga bankin har kamfanin. Ya kuma nuna mini cewa ko da wuta ce ta ci kayan, banki za a fara biya, sai abin da ya rage ya zo hannuna.

Tun daga ranar na shiga tambaya, na zauna da dillalan inshora da waɗanda suka taɓa neman diyya. Na gane cewa wahalar ba a wajen yanka inshora take ba, a ranar neman diyya take.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne na ƙimar kaya. A ce kayan sitonka na naira miliyan 40 ne, amma ka rubuta miliyan 20 domin kuɗin shekara ya yi sauƙi. Wuta ta ci na miliyan 10. Kai kana lissafin za a ba ka miliyan 10 cif, tunda ba ta kai 20 ba. Ina! Kamfani zai ce rabin dukiyarka ka yi wa inshora, don haka rabin asara zai ɗauka, miliyan 5 ke nan, sannan a sake cire wani kaso da aka rubuta cewa mai kaya ne zai ɗauka da kansa. Wannan ƙa'ida tana nan a rubuce. Abin da ya ƙara tsananta ta shi ne faɗuwar naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mu da yawancin kayanmu daga waje suke zuwa, wanda ya bar tsohon adadi a takardarsa ya faɗa wannan rami ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba.

Sai maganar shaida. Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, shi kuma abin da zai fara tambaya shi ne rasit da littafin shige da ficen kaya. Mu kuwa rabin cinikinmu a baki yake, amana ce tsakanin uban gida da yaronsa, tsakanin mai kawo kaya da mai rumfa. Wanda ma yake da littafi, a cikin shagon yake kwana, ya ƙone ko ya jiƙe tare da kayan. Yanzu duk ƙarshen wata ina ɗaukar hoton shafukan littafina da na dilolin da ke sito, in tura wa babban ɗana ta WhatsApp. Kuma na koyi cewa idan abu ya faru, a sanar da kamfani nan take, a nemi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kada a kwashe ko a sayar da kayan da suka lalace kafin mai ƙiyasi ya gani. Da ma takardata ta haɗa da ambaliya, karyar da kayan da na yi cikin gaggawa zai iya jawo mini gardama.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Shago a rufe wata biyu, haya tana tafiya, yara suna jiran abin sawa a baki, masu bin bashi suna kira. Akwai inshorar tsayawar ciniki da ke ɗaukar irin wannan, amma ban san mutum ɗaya a layinmu da aka taɓa yi wa tayinta ba. Haka nan sabuwar masifar da ta shigo, ta masu kutse. Yau kuɗin ɗan kasuwa a waya yake da na'urar POS. Idan aka yashe asusunsa cikin dare, inshorar gobara ba ruwanta. Wasu suna zaton hukumar NDIC za ta biya su, alhali ita tana biyan masu ajiya ne idan banki ya durƙushe, har zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci tun 2024, ba idan ɓarawo ya shiga asusu ba.

Na san da yawa daga cikinmu abin da ke hana su shi ne addini, kuma ba na raina wannan damuwa, ni ma ta taɓa tsayar da ni. Malamai sun yi magana a kan riba da garar, wato rashin tabbas a ciniki, a inshorar da aka saba. Amma tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki a kan haka. Kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda jarrabawa ta sama a ɗauka a taimaka masa, rarar da ta saura a raba wa masu zubi. Bahaushen da ya tashi ya ga adashi ba zai ga wannan baƙon abu ba. Sai dai takardar takaful ma tana da sharuɗɗanta, ita ma sai an karanta.

A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora. Ina roƙon NAICOM ta yi amfani da wannan dama ta tilasta wa kowane kamfani ya haɗa takardarsa da shafi ɗaya na Hausa, ko harshen da mai saye yake ji, a rubuta ɓaro-ɓaro: ga abin da za mu biya, ga abin da ba za mu biya ba, ga takardun da za ka kawo, ga inda za ka kai ƙara idan an yi maka jan ƙafa. Banki kuma da ya cire kuɗin inshora daga asusun mutum, wajibi ne ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Shugabannin kasuwanninmu su ma su tashi. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin masu gadi da na shara za ta iya ɗaukar dillalin inshora ɗaya mai lasisi ya yi wa layi guda ciniki, ya kuma tsaya mana ranar neman diyya.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi a kanku, Malam Edita. Kuna zuwa ranar da hayaƙi ke tashi, ba kwa dawowa bayan wata shida. Ku tura wakilinku Monday Market ya bi rumfa-rumfa ya tambaya: wa ke da inshora kafin ruwan Alau, wa aka biya, nawa aka ba shi, wata nawa ya jira, wanda aka hana kuma wane dalili aka ba shi? Idan ya biyo ta Kano, ya tsaya a Kwari. Tsohuwar takardata tana nan a durowa, zan nuna masa layin da aka ɗora mini yatsa a kai.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano