Ficewar Nijar daga ECOWAS: a rubuta yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu sa baki a muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Hausawan Legas, daga Agege zuwa Mile 12 da Alaba Rago, kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suke kira CEDEAO. Wasu na cewa ƙasashen uku sun ƙwaci 'yancinsu daga hannun Faransa da 'yan kanzaginta. Wasu kuma na cewa sojoji ne suka guje wa zaɓe suka fake da kishin ƙasa. Ana ta wannan musu har a tashi, amma da wuya ka ji an taɓo tambayar da ta fi shafar mai albasa da mai shanu da mai gadi: wace doka ce yanzu take kare ɗan Nijar a Legas, da ɗan Najeriya a Maraɗi?

A nan Legas aka haifi ƙungiyar, ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ta ba kowace ƙasa damar fita: sashe na 91 ya ce a ba da sanarwa a rubuce, a jira shekara guda. Ƙasashen uku sun yi shelar fitarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka babu wanda zai ce ba su da hurumi. Muritaniya ma ta fita a ƙarshen 2000, sai dai a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar, saboda kasuwanci da zirga-zirga.

Masu goyon bayan fitar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta rufe iyakoki, ta yi barazanar tura soja, Najeriya kuma ta yanke wutar da Nijar take samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, bai kwana cikin duhu ba. Masu jinya a asibiti da masu sayar da ƙanƙara da direbobin da motocinsu suka yi layi a Illela da Jibiya su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyakarmu a watan Maris. A ganinmu wannan takunkumi babban kuskure ne, kuma shi ya sa talakan Nijar ya rungumi fitar da hannu biyu. Haka nan Najeriya ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi kan mutunta yarjejeniya, domin ita ce ta kori baƙi a 1983 zamanin Shagari, ita ce kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba tare da ta nemi shawarar maƙwabta ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ƙasashen uku sun bar ECOWAS, ba su bar UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa. Har gobe sefa suke kashewa, wadda aka ɗaure ta da yuro a kan 655.957, babban bankinta kuma yana Dakar. Wannan na nufin cinikin Nijar da Binin da Togo da Kwaddibuwa da Sanigal yana da wata dokar da yake tsaye a kai ko babu ECOWAS. Najeriya ba ta cikin UEMOA. Dokokin ECOWAS ne ginshiƙin cinikinmu da Nijar da shiga da ficen jama'armu. Ke nan iyakar da ta fi kowace zama cikin haɗari ita ce tamu, mai tsawon kusan kilomita 1,500, wadda ta ratsa Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, inda uwa ke Ƙonni ɗa ke Illela. Duk wanda yake murnar an yi wa Faransa tawaye ya dubi wannan da kyau: kuɗin da ke da alaƙa da Faransa yana nan daram, ƙungiyar da aka kafa a Legas ita aka bari.

Abin da ake tafiya a kai bayan fitar sanarwa ce ta ɓangarorin biyu. A Disambar 2024 ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa, wato AES, ya ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma ya ajiye wa kansa ikon hana duk wanda bai yarda da shi ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ECOWAS ta umarci ƙasashenta 12 da suka rage su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna, su kuma ci gaba da ba kayansu rangwamen kwastan, har sai an ba da wani umarni. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce abin tsoro. Abin da aka bayar da sanarwa, da sanarwa ake janye shi, cikin dare ɗaya, kuma ba kotun da ɗan kasuwa zai kai ƙara.

Bari mu warware abin da ke rataye a kan wannan sanarwa, domin da yawa ba su san takardun da suke cin moriyarsu ba.

Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza, da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafi. Idan zai zauna ya yi sana'a, sai ya nemi katin zama na ECOWAS a hukumar shige da fice. Wanda ba ɗan ƙungiyar ba kuwa, biza zai nema tun daga ƙasarsa, sannan ya yanki katin zaman baƙi na CERPAC wanda aka yanka kuɗinsa da dala. Mai gadi a Ikoyi ko ɗan ga-ruwa a Idi-Araba ba zai taɓa iya biyan wannan ba. Ranar da aka janye sanarwar, mutanen da suka shekara ashirin suna zaune lafiya za su wayi gari a matsayin baƙin haure, kuma mun san yadda shingen hanya yake yi da wanda takardarsa ta raunana. Abin ma ba zai tsaya kan 'yan Nijar ba. Bakatsine ko Basakkwace da ba ya yawo da katin NIN, wa zai bambance shi da Bamaraɗe a kan titin Oshodi?

Sai kaya. Tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS, wato ETLS, shi ne ya sa kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin suke wucewa ba harajin kwastan. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asali, abin da ake nema shi ne takardar lafiyar dabba ko ta amfanin gona. A kan wannan ne albasar Galmi da wake da tattasan Difa da raguna suke saukowa har Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Kayan masana'anta kuwa suna da matakai: kamfani ya nemi amincewar kwamitin ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, a tabbatar kayan na gida ne, ko dai an yi su kacokan a nan ko kuma aikin da aka yi musu a nan ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na darajarsu a bakin masana'anta, a ba shi lamba, sannan ya riƙa karɓar takardar shaidar asali kan kowane lodi. Da ita ne taliya da sabulu da robobin Ikeja da Apapa suke shiga kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Idan wannan tsari ya faɗi, kaya za su koma kan jadawalin harajin baƙi, wanda tun 2015 yake da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. A misali, lodin naira miliyan 20 da ya faɗa matakin kashi 20, harajinsa naira miliyan 4 ne kafin a ƙara sauran kuɗaɗe. Ribar fatake ba ta kai nan ba. Ba za su daina ciniki ba, za su bar hanyar kwalta ne su bi ta daji, inda gwamnati ba ta samun sisi, 'yan bindiga kuma suke karɓar nasu kason.

Ko ba a ƙara haraji ba, jinkiri kaɗai ya isa asara. Albasa a cikin buhu, an lafta ta a tirela an rufe da tamfol, idan ta yi kwanaki a rana tana jiran a warware wace takarda ce ke aiki, sai ta yi gumi daga ciki. Buhunan ƙasa ne ke fara ruɓewa, ruwa na tsiyaya ta gefen mota, kafin a iso Legas dillali ya ce sai an zazzage an tsince. Shanu kuma kowace rana a tsaye a mota rama ce, wanda ya durƙushe sauran su tattake shi. Jami'in da bai samu umarni a rubuce ba, ko dai ya tsare mota ko ya nemi na goro, kuma duk biyun a kan mai saye a Legas suke ƙarewa.

Akwai wasu takardun da ba a cika ambatonsu ba. Katin inshora mai ruwan ƙasa na 1982 shi ke biyan diyya idan motar Najeriya ta buge mutum a Nijar, ba sai an tsare direba da mota ba. Takardar kiwo ta ƙasa da ƙasa ta 1998 ita ke nuna yawan dabbobin makiyayi da rigakafin da aka yi musu da burtalin da zai bi. Sannan kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda talaka yake iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta. A can ne Hadijatou Mani ta yi nasara kan gwamnatin Nijar a 2008 a shari'ar bauta. Wannan ƙofa tana daga cikin abin da ɗan Nijar ya rasa, kuma ba mu ji masu murna suna lissafa ta ba.

Wasu na cewa ai yarjejeniyar cinikin Afirka ta AfCFTA za ta cike giɓin, tunda ma a Yamai Najeriya ta sa mata hannu a Yulin 2019. Ba za ta cike shi da wuri ba. Rage harajinta a hankali ake yi cikin shekaru, akwai kayan da aka keɓe, kuma ba ta ba kowa izinin zama a ƙasar wani ba. Wasu kuma na cewa kuɗin ƙungiya ne aka huta da biya. A Maris na 2025 AES ta sa nata harajin na kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su, daidai da adadin da ECOWAS take karɓa. Aljihun mai saye bai ga bambanci ba.

Ana yawan kawo misalin Birtaniya a wannan muhawara, kuma akwai abin ɗauka a ciki. Sun yi ƙuri'a a Yunin 2016, kashi 52 suka zaɓi barin Tarayyar Turai, amma ba su fita ba sai Janairun 2020, kuma abin da ya fi ba su wahala shi ne iyakar Ayalan, inda jama'a ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Abin da ya ceci mutanen wurin shi ne wani tsohon tsarin zirga-zirga tsakanin Birtaniya da Ayalan su biyu, wanda ya girmi tarayyar, suka kuma sabunta shi a rubuce a 2019 tun kafin fitar. Mu ma muna da irin wannan tushe. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai, an kafa ta tun 1971, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajenmu na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai, aka yi maganar farfaɗo da ita.

Kiranmu shi ne a yi amfani da wannan hukuma a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, wadda majalisa za ta amince da ita, ba tare da jiran a gama sasanta ECOWAS da AES ba. Ta ƙunshi shiga ba biza da izinin zama da sana'a, ta ambaci sabon fasfon AES da sunansa domin kada jami'i ya ce bai san shi ba, ta riƙe rangwamen ETLS da katin inshora da takardar kiwo. Abu mafi muhimmanci, ta haramta rufe iyaka ga abinci da magani da yanke wuta saboda rikicin siyasa, ta kuma ajiye wa'adin sanarwa na aƙalla shekara guda kafin wani ɓangare ya janye. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ba zai amfani kowa ba idan kayan da ya ɗauko za su tsaya a Jibiya ana gardamar takarda. Gwamnonin jihohi bakwai na iyaka da sanatocinsu su ne ya kamata su matsa, kamar yadda sanatocin arewa suka fito suka ƙi amincewa da yaƙi a Agustan 2023.

Kafin nan, muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin Legas su ja hankalin jama'arsu. Ɗan Nijar ya sabunta fasfonsa ko katin ofishin jakadancinsa, ya nemi katin zama tun ƙofa na buɗe. Ɗan Najeriya ya riƙa yawo da NIN. Mai kai kaya Nijar ya tabbatar lambarsa ta ETLS tana aiki, ya ajiye kwafin takardun kowane lodi, kuma ƙungiyoyin direbobi su buga sanarwar 29 ga Janairun 2025 da Hausa da Turanci da Faransanci, a ba kowane direba ya sa a mota domin nuna wa jami'an iyaka.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Wasu masu karatu daga Agege, Legas