Toshe iyaka kaɗai ba zai tayar da masaƙa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Sharhin da jaridarku ta yi kwanan baya a kan yaƙin haraji tsakanin Amurka da Chaina ne ya sa na ɗauki alƙalami. Rabin maganarku na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ɗaya rabin kuwa, inda kuka ce tun da manya sun koma kare masana'antunsu, mu ma sai mu lafta kuɗin fito mu toshe iyaka, a nan nake roƙon fili in ja da ku. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da yadi nake sayarwa a Kano, kuma akasarin kayan da ke rumfata daga Chaina suke zuwa. Na faɗi haka tun da wuri don mai karatu ya auna maganata da sanin inda abincina yake.

Gaskiyarku ce, waɗanda suka yi mana wa'azin sakin kasuwa sun bar abin da suka koyar. A 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, karatun da aka biya mana shi ne gwamnati ta cire hannunta daga masana'antu, ta janye tallafi, ta buɗe ƙofa, kasuwa za ta gyara komai. To ga Amurka a 2022 ta yi doka ta ware sama da dala biliyan 52 don a riƙa ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta waya a cikin gida, har kamfanin TSMC na Taiwan ya je jihar Arizona ya kafa masana'anta. A 2024 gwamnatin Biden ta sa harajin kashi 100 cikin ɗari a kan motocin lantarki na Chaina, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a shekarar. A watan Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarin Intel, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta na Amurka. Da wata ƙasar Afirka ce ta yi haka shekara talatin da suka wuce, da an hana ta bashi. Abin ma ba sabo ba ne a wurinsu: a 1721 Ingila ta hana sa yawancin yadin auduga mai zane, wanda daga Indiya yake zuwa, don masaƙanta su samu numfashi.

Chaina kuwa ba ta taɓa ɓoye nata ba. Tun 2015 ta fito da shirin da ya lissafa sana'o'in da take son mamayewa, ta bi su da bashi mai sauƙi da fili da wuta da hanyoyi. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan sola na duniya a can ake yin su. Da Trump ya kai harajinsa kashi 145 cikin ɗari a watan Afrilun 2025, Chaina ta rama da kashi 125, sannan ta matse fitar da wasu ma'adinai da ake yin maganaɗisun mota da na jirgin yaƙi da su, waɗanda kusan ita kaɗai ke tace su. Ba a yi wata biyu ba aka zauna a Janeba, kowa ya sassauta. Ina so mai karatu ya lura da abin da ya kawo Amurka teburin. Akwai abin da Chaina ke yi wanda masana'antun Amurka ba za su iya aiki babu shi ba, kuma shekaru ta ɗauka tana gina shi.

Alƙalin da zai raba faɗan ma babu shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Hukumar Ciniki ta Duniya ta daina aiki tun Disamban 2019 saboda Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbin alƙalai. 'Yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabancin hukumar, amma ko ƙasa ta yi nasara a shari'a, wadda aka kayar sai ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, magana ta mutu. Ƙananan ƙasashe ne suka fi jin jiki. Lesotho, wadda dubban matanta ke ɗinka wandunan jins don kasuwar Amurka, ta wayi gari da harajin kashi 50 cikin ɗari. An rage shi zuwa 15 daga baya, amma kafin nan masu saye sun soke oda, an sallami ma'aikata.

Mu a nan, harajin da Amurka ta sa wa Najeriya bai taɓa mu sosai ba, don ɗanyen mai ne mafi yawan abin da muke kai mata, shi kuma an tsame shi. Ta bayan gida abin zai shigo mana. Kayan da Chaina ta kasa sayarwa a Amurka ba za su ruɓe a sito ba. A 2025 abin da take kai wa Amurka ya ragu ƙwarai, amma rarar cinikinta da duniya ta haura dala tiriliyan 1, saboda kwantenonin sun juya zuwa Kudu maso Gabashin Asiya da Latin Amurka da Afirka. Ga mai rumfa irina da mai sayen kayan sallar 'ya'yansa, wannan sauƙi ne. Ga mai ƙaramar masana'antar roba ko takalmi a Sharaɗa da Bompai da Challawa, masifa ce. Saboda haka na fahimci abin da ya tsorata ku har kuka nemi a rufe.

Sai dai mun sha rufewa, Malam Edita. Wannan ne abin da sharhinku ya tsallake.

An hana shigo da atamfa a ƙasar nan shekara da shekaru. A cikin shekarun hanin ne masaƙun Kakuri da ke Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe a 2007. Kayan ba su daina shigowa ba. Suna sauka a Kwatano ko Lome, su haura Nijar, su faɗo ta Maraɗi da Jibiya cikin dare. Duk wanda ya daɗe a Kantin Kwari ya san haka. Abin da hanin ya yi shi ne ya ɗauke kuɗin fito daga asusun gwamnati ya zuba shi a aljihun 'yan fasa-ƙwauri da masu buɗe musu hanya. A 2019 Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da yadi, a Oktoban 2023 aka janye. An ware asusun naira biliyan 100 don auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu. Ina masaƙun? Haka kuma aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi, manoma da dama sun samu. Amma buhu ya yi tashin da talaka ya kasa kamowa, har a 2024 gwamnati ta sanar da ɗage kuɗin fito a kan wasu kayan abinci na kwana 150, wanda ya zuba jari a kan alkawarin kariya ya rasa inda zai sa kansa.

Dalilin mutuwar masaƙa ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa shiga ciki. Masaƙa wuta take ci dare da rana, tana son baƙin mai don tukunyar tururi, tana son ruwa mai yawa don rini, tana son auduga mai tsabta mai dogon zare. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit, wanda bai samu wutar ba kuma ya koma janareta da dizal. Audugar da ake kai wa injinan gurza na Funtuwa da Gusau ta ja baya, manomi ya koma masara da waken suya saboda ba shi da tabbacin iri mai kyau ko mai saye. Mai masaƙar da ke fama da waɗannan, ko an sa wa atamfar Chaina harajin kashi 100, turminsa zai fi na fasa-ƙwauri tsada. Matar da ta zo haɗa lefe kuma ba za ta tambaye ni kishin ƙasa ba, farashi da zane za ta tambaya.

Kun kawo misalin Indunusiya, kuma misali ne mai kyau, sai dai ba ku ƙarasa shi ba. Ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a farkon 2020, yau fiye da rabin nikel na duniya daga can yake fitowa. Amma kafin hanin ya kankama an riga an fara kafa matatu a Morowali da ke tsibirin Sulawesi, da kuɗin kamfanonin Chaina, kowace unguwar masana'antu da tashar wutarta ta kwal da tashar jirgin ruwanta. Mai haƙo ma'adini yana da wanda zai sayar wa a cikin gida. Ku kwatanta da hana fitar da ƙwaran kaɗanya na wata shida da gwamnatinmu ta sanar a Agustan 2025. Niyyar ba ta da laifi, don abin kunya ne mu riƙa sayar da ƙwara wasu su tace man kaɗe su ci ribar. Amma da yake masu tacewa a gida ba su isa su kwashe kayan ba, farashi ya faɗi, kuma matan ƙauyen da ke tsintar kaɗanya a Neja da Kwara ne suka biya kuɗin manufar.

Abu na biyu da muke tsallakewa ya fi wuta wahala, domin shi ba a sayo shi da kuɗi. Koriya ta Kudu zamanin Park Chung-hee ta kare kamfanoninta, ta ba su bashi mai rahusa, amma da sharaɗi: ka sayar da kaza a kasuwar waje a shekara, in ka kasa a janye bashin a ba wani. Kasuwar waje ce ma'aunin, don a can babu ɗan'uwan minista da zai saya maka don kunya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wannan tsarin suka kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, duk da Bankin Duniya ya ce ba zai yiwu ba. Mu mun fara kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979, har yau ana kafa kwamiti. A wurinmu tallafi kyauta ce. Wanda ya karɓi bashin masaƙa ya sayi gida a Abuja, babu mai tambayarsa yadi nawa ya saƙa.

Ba ina cewa a bar ƙofa a wangale ba. Marinan Kano da masu saƙar hannu suna da haƙƙi a kan masu kwaikwayon zanensu a buga a waje a dawo da shi da rabin kuɗi, kuma kayan da aka karya farashinsu da gangan don kashe na gida sun cancanci haraji. Amma haraji matsakaici, wanda biyansa ya fi bin daji sauƙi, mai wa'adin da kowa ya sani, kuma bayan an zaɓi unguwar masana'antu guda, ko Challawa ko Kakuri, an kai mata iskar gas da wutar da ba ta ɗaukewa. Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ya fi kowace dokar hani muhimmanci ga masaƙun Arewa. Sannan tun da kamfanonin Chaina na neman wuraren da za su kafa masana'anta don kauce wa harajin Amurka, kamar yadda suka yi a Biyetnam da Meziko, a ce wa masu kawo mana atamfa su zo su saƙa ta a nan da audugarmu da yaranmu. Ni da ke sayar da kayansu zan fi kowa murna in sari dila a Kano da naira, in huta da neman dala.

Roƙona gare ku shi ne ku tura wakilinku ya binciko sunayen kamfanonin da suka karɓi kuɗin farfaɗo da auduga da masaƙu, nawa kowanne ya karɓa, nawa ya biya, ma'aikata nawa ke cikinsa yau, ku buga mana a shafi guda kafin a sake ware wani asusun.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karatu, ɗan kasuwar yadi, Kano