A ɗauki tarihin rumadan ƙasar Kano daga bakin dattawa tun suna raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka kan wata magana da kowa ya sani amma ba a son tayar da ita a zaure, wato bautar da aka yi a ƙasar Kano.

Yaronmu na sakandare zai ba ka labarin Badagry da jiragen ruwan da suka kwashi mutane zuwa Amurka. Ka tambaye shi su wa suka noma gandun sarki na Fanisau, ko na Ɗorayi, ko na Gasgainu, sai ya sa maka ido. Alhali Fanisau na nan cikin Ungogo, kuma a can Baturen nan matafiyi Clapperton ya je ya ga Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Barth, wani Bature matafiyi da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin ba su wuce 5,000 a shekara ba, ya kuma ce masu yawa a cikin ƙasa ake sayar da su. Waɗannan na biyun su ne namu. Ba su ƙetare Sahara ba, a nan suka yi noma, suka haihu, aka binne su.

A rinji, wato ƙauyen bayi manoma, bawa kan yi aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar ƙarƙashin sarkin gandu, sannan ya koma gayaunarsa ya noma abin kansa. Wanda ubangidansa ya amince da shi yakan shiga murgu: ya tafi ya yi sana'arsa, yana kawo wuri ƙayyadadde a kan lokaci. Murgu ba ya 'yanta mutum. Fansa ce ke 'yantarwa, wato a yanke kuɗi a biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Masu rubutu da yawa suna gwama biyun, su ɓata lissafi. Haka ma ake gwama cucanawan gona, wato waɗanda aka haifa cikin bauta, da manyan bayin fada irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ke da dawaki da iko har hakimai na shakkarsu. Wanda ya auna bauta da rayuwar Shamaki zai ce ba ta da zafi. Ya je ya tambayi jikokin matar da aka raba da ɗanta a kasuwa.

Kada kuma a ce Turawa sun zo a 1903 sun kashe abin dare ɗaya. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ta bar waɗanda ke hannu su nemi fansa a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ke nan dattijo mai shekara 85 a yau ya tarar da mutanen da suka fanshi kansu, ya ji daga bakinsu. Bayan shi kuwa sai ji-ta-ji-ta.

An taɓa ɗaukar hirar dattawan ƙasar Kano a kaset a 1975, kuma da ita masana suka rubuta abin da aka sani game da Fanisau. Sauran ƙauyuka fa, musamman na Jigawa? Birnin Kudu da Gwaram sun sha hare-haren Ningawa, ƙasashen da ke kewaye da Haɗejiya sun ɗanɗana zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari.

Aikin ba ya son kuɗi da yawa, ladabi yake so. A je bayan kaka, lokacin da an kai amfani gida, domin da damina ba wanda zai ajiye fartanya don hira. Kada a soma da tambayar asali. Duk wanda ya ce wa tsoho "Baba, kakanka bawa ne?" ya rufe ƙofa har abada, shi da masu zuwa bayansa. A tambayi ƙasa: wannan fage na wa ne a da, wa ya haƙa rijiyar can, dami nawa ake kaiwa birni, a kan jakunan wa. Sunaye za su fito da kansu. Kada a yi hirar a ƙofar gidan dagaci ko a gaban mai unguwa, don a nan tarihin sarauta kaɗai za a ji. Mata kuma mace ce za ta shiga wurinsu, domin labarin kuyangi da ƙwaraƙwarai yana cikin gida, wani ma a waƙar daka ya maƙale.

Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Gara a koma sau biyu. A farkon kowane ɗauka a faɗi rana da gari, a kuma ji mai magana ya ce ya yarda. Shekarunsa a auna da abin da ya gani, kamar zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956 ko murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963. Inda aka fi tuntuɓe shi ne yaƙe-yaƙe: tsoho kan haɗa harin Ningi da na Damagaram da Basasar 1893 ya mai da su yaƙi ɗaya. Ba ƙarya yake yi ba, haka ya gada. A tambayi wane sarki ke kan gado, kuma kada a rubuta abu a matsayin tabbas sai an ji shi daga gida biyu da ba su haɗa dangi ba. Murya kada ta kwana a waya kaɗai, a kwafe ta wuri uku.

Sai babban sharaɗi: a sakaya sunayen zuriya. Har gobe binciken asali na wargaza aure a ƙauyukanmu, kuma rigimar gona na iya janyo faifan hira zuwa kotu. Sunayen gaskiya su zauna a rajista daban, a kulle, abin da za a buga ya ɗauki sunan gari kawai.

Muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da takwararta ta Jigawa su haɗa kai da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, a horar da malaman makarantun karkara bibbiyu, namiji da mace, a kowace gunduma. A fara da ranin bana.

Wassalam.

Wasu malaman tarihi,
Ƙaramar Hukumar Minjibir, Jihar Kano