Godiya ga Masu Shagon Gyaran Kwamfuta na Bakin Tasha, Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Injiniya, da kai da yaran shagonka, na rubuto ne a madadin malamai da iyayen yaran Islamiyyar ƙauyenmu, kuma na fito fili da godiyar don jama'a su san irin mutanen da ke wannan shago.

Kwamfutar girke guda ce da mu, da ita muke kunna wa 'yan hadda tilawa. Tun shigowar hunturu sautinta ya yi ƙasa. Ko an ƙure maɓallin lasifika, yaron da ke sahun baya ba ya jin gunna, balle ya tantance tsawon madda, alhali tajwidi da kunne ake ɗaukarsa. Iyaye suka yi karo-karo, wasu sai da suka sayar da kwanon riɗi, na zo muku da kuɗin sabbin lasifika a aljihu.

Ga su nan jere a kanta, da ka miƙo min da na biya na tafi. Sai ka ce, "Malam, bari mu ga ina ciwon yake tukuna."

Yaronka ya jona lasifikarmu da wayarsa, sai ga murya ta fito tas. Ke nan ba laifinsu ba ne. Ya juya bayan kwamfutar ya nuna min ramuka uku: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigar da sauti daga waje. Koren nan ƙura ta daskare a cikinsa, bakin wayar lasifikar ba ya shiga har ƙarshe. Da idona na ga ɗan curin da ya zaƙulo da tsinke bayan ya kashe wuta. Daga nan ya buɗe Volume Mixer na Windows, inda kowace manhaja ke da nata ma'aunin sauti, sai ga na VLC, manhajar da muke kunna tilawar da ita, can ƙasa duk da babban ma'aunin yana 100. Ya ɗaga shi, karatu ya cika shagon har mai shayin maƙwabta ya leƙo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi rowar sani ba. Kun gargaɗe ni kada mu riƙa tura VLC ya wuce 100, ko da yake yana kaiwa 125, domin murya za ta riƙa karcewa kuma lasifika na iya lalacewa. Kun ce a riƙa lulluɓe kwamfutar da zane idan an tashi.

Kuɗin aiki ma kuka ƙi karɓa, kuka ce na makarantar Alƙur'ani ne. Kwamitin iyaye ya amince a sayi tabarmi da kuɗin lasifikar.

Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya jiƙan mahaifa, Ya sa yaron nan ya buɗe nasa shagon.

Naku,
Shugaban makaranta